Iyakar gudun intanet a katangar tsaro ta Raspberry Pi

Katangar tsaro na'ura ce ko manhaja da ke tsayawa tsakanin intanet da na'urorin gida, tana tantance kowane ƙunshin bayanai kafin ta bar shi ya wuce. Masu son rage kuɗi da wutar lantarki sukan ɗora ta a kan kwamfuta mai faranti guda, wato ƙaramar kwamfutar da duk sassanta ke kan faranti ɗaya, wadda aka fi sani ita ce Raspberry Pi da ta fito daga Ingila a 2012, tare da manhaja irin OpenWrt. Tun da duk abin da zai shiga gidan ko ya fita sai ya ratsa ta, gudun intanet ɗin gidan ba ya wuce iya ƙarfinta.

A tsofaffin samfura, matsalar tana ga hanyar da bayanai ke bi. Kafar Ethernet, wato inda ake soka wayar intanet, ta Pi 3 B megabit 100 kawai take ɗauka a daƙiƙa. Pi 3 B+ ta 2018 ta zo da kafar gigabit, wato megabit 1,000, amma an ratsa da ita ta USB 2.0, don haka da ƙyar take kai megabit 300. Ga kuma wani cikas: katanga na buƙatar kafa biyu, ta waje da ta gida, alhali Pi kafa ɗaya gare ta. Idan aka ƙara ta biyu ta USB, bayanan za su bi siririyar hanyar nan sau biyu, shiga da fita, gudun ya ƙara faɗuwa.

Pi 4 ta 2019 ce ta sauya lamarin, domin an haɗa kafarta kai tsaye da firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, an kuma ba ta USB 3.0. Da adafta mai kyau tana kusantar megabit 940, wanda shi ne ainihin abin da layin gigabit ke bayarwa.

Daga nan nauyin sai ya koma kan firosesa, kuma nan ne aka fi yin kuskuren lissafi. Tacewa zalla ba ta da wuya. Abin da ke cinye ƙarfi shi ne VPN, wato ɓoye bayanai kafin a tura su ta intanet, da tsara layin bayanai ta manhajar CAKE, da binciken cikin kowane ƙunshi irin na manhajar Suricata. Firosesar Pi 4 ba ta da sashen gaggauta AES, wata hanyar ɓoye bayanai, shi ya sa manhajar VPN ta OpenVPN ke jan ƙafa a kanta, manhajar WireGuard kuwa mai amfani da wata hanyar daban, ChaCha20, ta fi OpenVPN sauri nesa ba kusa ba. Pi 5 ta 2023 tana da wannan sashe. Zafi ma na da tasa rawar: daga digiri 80 firosesa kan rage gudunta da kanta, abin lura sosai a ɗakin da babu fanka lokacin bazara.

Ana auna gudun da manhajar iperf3 tsakanin kwamfutoci biyu, katangar na tsakiya, dukkan dokokin tacewa a kunne. Gidan da layinsa bai wuce megabit 50 ba, ko Pi 3 B ta wadatar da shi. Mai layin gigabit kuwa gara ya nemi faranti mai kafa biyu tun daga masana'anta, irin NanoPi R4S.