Magungunan Ƙarin Abinci da Motsa Jiki ga Manya Masu Ƙiba

Magungunan ƙarin abinci su ne ƙwayoyi, gari ko ganyen shayi da ake sha baya ga abincin yau da kullum, irin su bitamin, furotin da haɗe-haɗen tsirrai. A Sakkwato ana samunsu a kemis, a kasuwa da hannun masu talla a WhatsApp, galibi da sunan maganin rage tumbi. Tasirinsu wajen rage ƙiba ƙanƙani ne ƙwarai. Gyaran ci da motsa jiki su ne ke yin aikin.

Yadda ake auna ƙiba

Ana raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita, sannan a sake raba sakamakon da tsawon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce ƙima, daga 30 kuwa ƙiba ce. Mai kilo 90 da tsawon mita 1.70 yana kan 31. Awon ciki ma yana da muhimmanci, domin kitsen tumbi ne ya fi jawo ciwon suga da hawan jini. A zagaya tef ɗin tela daidai cibiya bayan an fitar da numfashi: haɗari ya yi yawa idan ya wuce santimita 102 ga namiji, ko 88 ga mace.

Motsa jiki

Ƙa'idar hukumar ta 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Matsakaicin motsi shi ne tafiya da sauri wadda mutum zai iya magana a cikinta amma ba zai iya rera waƙa ba. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙara 5 duk mako har ya kai 30. Ƙarfafa tsoka ba sai da ƙarfe ba: tashi daga kujera ba tare da dafawa ba sau 10 zuwa 12, tura bango da hannuwa, ɗaga jarkar ruwa mai lita 5. Duk ana iya yinsu a tsakar gida, abin da ya sauƙaƙa wa matan da ba su cika fita ba.

A wani babban bincike na Amurka da aka wallafa a 2002, masu alamun fara ciwon suga da aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsi na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58; maganin ciwon suga na metformin ya rage da kashi 31. Ko sikeli bai sauka ba, motsi yana gyara hawan jini da suga.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, don haka lokacin fita shi ne bayan sallar asuba ko bayan isha'i. A azumi a bari sai an sha ruwa. Sa rigar leda don a yi gumi kuskure ne: ruwa ne ke fita, kuma yana dawowa da kofin farko. Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi alamu ne na a tsaya a ga likita. Mai allurar insulin ko shan ƙwayar ciwon suga ta glibenclamide yana iya fuskantar faɗuwar suga, sai ya riƙe dabino a aljihu.

Abin da magungunan ke yi

Da yawa daga cikin shayin rage tumbi suna ɗauke da filasko ko danginsa. Gudawa yake sawa, jiki ya zubar da ruwa da sinadarin fotasiyam, kitse na nan daram, ga kasala da rikicewar bugun zuciya idan an daɗe ana sha. Ƙwayoyin da aka tato daga koren shayi suna rage nauyi kaɗan, amma hukumar kula da abinci ta Turai ta yi gargaɗi a 2018 cewa miligiram 800 na sinadarinsa EGCG a rana na iya taɓa hanta. Mafi muni su ne haɗin da ake ɓoye sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Bitamin D da sinadarin ƙarfe suna da amfani ga wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancinsu, ba su narkar da kitse. Garin furotin kuwa tsada ce kawai ga mai samun wake, ƙwai, kifi da nono.

A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, amma rajista ba shaida ba ce cewa abin yana rage ƙiba. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai ciwon ƙoda ko hanta kada su sha sai da izinin likita.

Abinci

Rage rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya wadatar. Wurin farawa shi ne abin sha: kwalbar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da suga kusan giram 50, wato gwargwadon iyakar yini guda. Haka shayi mai madarar gwangwani, zoɓo da furar da aka cika wa suga. Malmalar tuwo ɗaya maimakon biyu, a yawaita miyar ganye, a kuma auna mai da cokali maimakon tsiyayawa daga galan.