Dalo (kwalbati)

Dalo, wanda 'yan Najeriya ke ce ma kwalbati, gini ne da ake yi ƙarƙashin hanya don ruwan sama ya wuce ba tare da ya ci gudron ba. Kalmar dalo daga Faransanci take. Mai kusurwa huɗu na beto da ƙarfe shi ne dalo, mai zagaye kamar bututu kuma biz ake kiran shi. Ba gada ba ce, ya fi ta ƙanƙanta.

Girman bakin ba da ido ake yanke shi ba. Injiniya sai ya auna faɗin ƙasar da ke zubo ruwa a wurin, da gangarenta, da irin ƙasar, don rairayi yana shan ruwa amma fako da duwatsun Adar kusan duk abin da ya sauka kwararowa yake. Lissafin da aka saba da shi a Sahel shi ne na ORSTOM, tsohuwar cibiyar bincike ta Faransa, wanda masana ruwa Rodier da Auvray suka fitar a 1965, da na CIEH, tsohon kwamitin nazarin ruwa na ƙasashen Afirka, suna ƙiyasta ambaliyar da kan zo sau ɗaya cikin shekara 10. Daga nan a sa lissafin Manning, na gudun ruwa cikin magudana, a ga ruwan da bakin zai iya haɗiyewa. Matsalar dai ƙoramun Tawa da Keita da Buza ba ruwa kaɗai suke kawowa ba, yashi suke jidowa, ka ga dalon da aka lissafa daidai a takarda bayan damina biyu rabin shi ya cike, a Yamai kuma leda da shara ne ke toshe na wajen ƙoramar Gunti Yena. Shi ya sa masu aikin suka fi son baki mai tsawon da mutum zai shiga da shebur ya yashe.

Inda ruwan ke fita nan ne ƙasa ke zaizayewa, sai a jera duwatsu ko gabiyo, wato ragar waya cike da duwatsu, a yi bango mai fukafukai ya riƙe cikon hanyar. Ƙorama in ta yi faɗi sosai radiye ake shimfiɗawa, wato daɓen beto a ƙasan ƙoramar, ruwa ya bi ta sama, motoci su jira ya janye.

Ta fannin doka a Nijar akwai kundin ruwa na 2010 da dokar 2018 kan binciken muhalli, ofishin binciken muhalli na ƙasa, BNEE, ne ke duba rahoton binciken kafin babban aikin hanya ya tashi, lokacin gini kuma ana kai samfurin beto a matse shi bayan kwana 28 don a gwada ƙarfinsa.