"Jan jeri" bai rufe wa ɗaliban aikin jinya ƙofa ba

Wata ɗaliba da ta samu gurbin digirin aikin jinya tare da tallafin karatu ta turo mini saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Mai maganar yana ta rantsuwa wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta haramta wa nas-nas na ƙasashe matalauta yin aiki a waje, don haka duk wanda ya shiga wannan karatu ya sa wa kansa mari. Yarinyar har ta fara shawarar sauya fanni. Abin ya dame ni, domin a daidai lokacin da ake faɗi-tashin ƙara gurabe a jami'o'i ne wannan jita-jita ke korar masu ƙwazo.

Ga asalin maganar. A watan Mayun 2010 ne ƙasashen da ke cikin hukumar suka amince da wata ƙa'ida kan ɗaukar ma'aikatan lafiya daga wata ƙasa zuwa wata. Daga baya hukumar ta fitar da jerin ƙasashen da suka fi ƙarancin ma'aikata: 47 a 2020, sai 55 a 2023, kuma 40 daga ciki a nahiyar Afirka suke. Ƙasa na shiga jerin ne idan likitoci da nas-nas da ungozomanta ba su kai 49 ga kowane mutum 10,000 ba, sannan kulawar lafiya ba ta isa ga jama'a yadda ya kamata. Nijeriya da Nijar da Ghana da Pakistan duk suna cikin jerin na 2023. Birtaniya ce ta ɗauki jerin ta raɗa masa suna "jan jeri", kuma wannan suna ne ya tsorata mutane.

To, me aka hana? Abin da aka ce a daina shi ne farautar ma'aikata. Wato asibiti ko kamfanin dillancin aiki na wata ƙasa ya shigo ƙasar da ke cikin jerin, ya baza talla, ya kama ɗakin taro a otal yana tantance nas-nas, ya kwashe su rukuni-rukuni. Da masu ɗaukar aiki ake magana. Ita kuwa nas ɗin da ta ga sanarwar gurbi a shafin wani asibiti, ta cike takarda da hannunta, ta ci jarrabawar harshe da ta lasisi, ba ta taka komai ba. Ƙa'idar da kanta ta faɗa cewa ba ta tauye 'yancin ma'aikaci na ƙaura zuwa ƙasar da ke son karɓarsa. Har ma an bar ƙofar yarjejeniya tsakanin gwamnati da gwamnati, irin wadda Birtaniya ta ƙulla da Kenya da Nepal.

Hukunci fa? Babu tara, babu ɗauri, babu ƙwace takardar shaida. Ƙa'idar ta ganin dama ce, iyakacinta ƙasashe su riƙa kai rahoto duk shekara uku. A Birtaniya kamfanin da ya saɓa yana iya rasa wurinsa a cikin sunayen amintattun dillalai. A nan ne ma nake ganin rashin adalcin. Rahoton hukumar na 2020 ya nuna duniya na da giɓin nas-nas miliyan 5.9, kusan kashi 89 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Talaka ya horar da mutum shekara huɗu ko biyar, mai hali ya ɗauke shi a shirye. An ce ƙasashen da ke amfana su tallafa wajen horar da wasu, amma ba mai tilasta musu.

Abin da zai iya ɗaure ɗalibi da gaske yana cikin jakarsa: takardar yarjejeniyar tallafin da ya sa wa hannu. Gwamnatoci da yawa na biyan kuɗin karatu bisa sharaɗin mutum ya yi musu aiki na wasu shekaru bayan ya gama, in ya ƙi ya mayar da kuɗin. Wannan alkawari ne da kotu za ta iya bi, kuma ba ruwansa da jan jeri. Ni ban ga laifinsa ba, tunda da kuɗin jama'a aka yi karatun, muddin dai za a ba mutum aikin a kan lokaci. A riƙe wa matashi takardu alhali ba a ɗauke shi ba, wannan zalunci ne.

Shi ya sa na ce wa ɗalibar ta karɓi gurbinta, amma kafin ta sa hannu ta zauna da wanda ya san doka. Shekara nawa ne sharaɗin, kuma daga yaushe ake fara ƙirgawa? Nawa za a biya in an fasa, ainihin kuɗin ne ko ninki? Wa ya tsaya mata, me zai hau kansa? In kuma shekara ta wuce ba a kira ta aiki ba, takardar ta ce me?