Sifesa a ƙafar mota: amsar tambayoyin da kuke ta yi min

Gyaran ƙafar mota ne sana'ata a nan Gumel. Tun da samari suka fara ganin motoci masu buɗaɗɗiyar ƙafa a waya, kusan kullum sai wani ya tare ni da zancen sifesa. Na gaji da maimaitawa, ga amsa a wuri ɗaya.

Mece ce sifesa?

Faifan ƙarfe ne ko na alminiyam da ake sawa tsakanin hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, da rim don taya ta fito waje. Shi ke nan.

Tana ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya?

A'a, ragewa ma take yi. Ɗauki bokitin ruwa kusa da jikinka, sannan ka miƙa hannu ka sake ɗauka, ka ji abin da kafaɗarka za ta gaya maka. Haka boris, wato abin da taya ke juyawa a kansa, yake ji in aka tura taya waje. Kai da ke loda wa Golf buhunan riɗi har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, me za ka yi da ita?

Zan iya jera washa maimakon in saya?

Kada ka kuskura. Wata Alhamis da yamma aka kira ni kan hanyar dawowa daga kasuwar Maigatari. Tayar baya ta fice daga wata Golf cike da mutane, ta gangara cikin gonar gero. Da na duba, washa uku-uku aka jera a kowace kusa. Kusoshi biyu sun karye, biyu sun zare, ramukan rim ɗin sun koma kamar ƙwai saboda gurza. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma wata tsohuwa ta kasa tsayawa saboda rawar jiki. Haba jama'a, ran mutane kuka ɗauko! Rim yana bukatar ya kwanta a kan hob gaba ɗaya, ba a kan 'yan ƙarafa huɗu ba.

Na sayi rim na hannu, yana gogar birki ta ciki. In sa siririya ta milimita 5?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci zama. Abin da na fi so shi ne ka mayar da rim ɗin ka nemo na motarka. In mai shago ya ƙi karɓa, ana iya sawa, amma da sharuɗɗa, kuma sai na ga motar da idona kafin in ce maka e.

Fara da ƙirga juyin noti. Yawancin ƙananan Toyota kaurin kusarsu milimita 12 ne, kowane juyi kuma yana cin milimita 1.5. Ka'ida ita ce noti ya kama aƙalla tsawon kaurin kusar, wato juyi 8 cikakku. Sifesa ta milimita 5 ta cinye maka fiye da juyi 3 tun kafin ka ɗauki sifana. Ɗora noti da hannu ka ƙirga. In ya tsaya a 5 ko 6, ba ka da mafita sai canza kusoshi zuwa dogaye. Golf da Sharan kuma ba haka suke ba, kusar ce ke shiga cikin hob. Su dole ka sayi kusoshin da suka fi na asali tsawo daidai da kaurin sifesar. Kada su wuce haka, don a ƙafar baya mai birkin ganga doguwar kusa kan taɓa kayan birki a ciki.

Sai ramin tsakiya. Akwai ɗan leɓe a kan hob wanda rim ke zama a kai ya daidaita. Na Golf milimita 57.1 ne, na Camry 60.1, na Hilux mai kusa shida 106.1. Sifesar da aka huda wa ramuka barkatai wai tana shiga kowace mota, ba ta zama daidai a ko ɗaya. Kuma ko mai kyau ce, wani lokaci takan rufe leɓen har rim ya rasa wurin zama. Alamarsa, sitiyari ya fara karkarwa in ka hau kwalta ka taka. In ka ji haka, cire ta.

Ko duk wannan ya yi, sai in tambaye ka hanyar da kake bi. Mai zuwa ofis a Dutse a kan kwalta daban, mai shiga ƙauyuka ta burji da ramuka, a tsallake yashi da rani a kutsa taɓo da damina, shi ma daban. Na biyun ban cika ba shi shawarar ya sa ba.

Ba sai in sa yaro ya hau sifana ya ɗaure tam ba?

Haka kuke karya kusa. Kusa tana miƙewa in an wuce gejinta. Corolla da Camry Nm 103 ake ɗaure su (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), da sifana mai awo, ana tsallaka noti ɗaya zuwa na gabansa.

In sa sifesa a ƙafa ɗaya kawai fa?

A'a. Hagu da dama, kauri ɗaya.

Na riga na sa mai kauri, irin mai kusoshinta. Hankalina ya tashi.

Kwantar da hankalinka, Alhaji. Irin wannan ta milimita 25, in ta motarka ce kuma an kankare tsatsar hob kafin a ɗaura, mutane na tafiya da ita lafiya. Sai dai notinta na ciki a ɓoye suke, sai an cire taya ake ganinsu. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a cire a sake gwada su. Ka tabbata kan tsofaffin kusoshin bai leƙo ya tokare bayan rim ba. Daga nan duk sati ka ɗaga motar da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji wasa, ko kuka kamar na jirgi in kana gudu, ko ka ga jan ƙura na tsatsa yana fitowa daga gindin noti, kada ka ɗauki fasinja. Kawo ta gareji a ranar.