Waiwaye: Yadda bashi ya kusa fitar da Girka daga kuɗin Yuro

Duk sanda aka taso da maganar Eco, kuɗin bai-ɗaya da ECOWAS ke son ƙasashenta su koma amfani da shi, 'yan kasuwar Kaduna masu sarin kaya daga Kwatano sukan ce madalla, za a huta da ɗawainiyar canja naira zuwa sefa. Da gaskiyarsu. Sai dai kuɗin tarayya yana da ɗacinsa, kuma Girka ta ɗanɗana shi fiye da kowa.

A 2001 Girka ta shiga Yuro, ta jingine kuɗinta na gado, Drakma. Yarjejeniyar Maastricht ta 1992 ta gindaya cewa kada giɓin kasafin ƙasa ya wuce kashi 3 cikin 100 na arziƙin da take samarwa a shekara, bashi kuma kada ya haura kashi 60. A 2004 gwamnatin Girka ta amsa cewa alƙaluman da aka shiga da su ba na gaskiya ba ne. Ba a kore ta ba. Masu ba da rance suka ci gaba da ba ta da kuɗin ruwa kusa da na Jamus, a tunaninsu wanda ya raɓu da Jamus ba zai rasa mai tsaya masa ba. Gwamnati ta yi ta cin bashi tana ɗaukar ma'aikata, masu hali kuma suna zille wa haraji.

Asiri ya tonu a Oktoban 2009, lokacin da sabuwar gwamnatin George Papandreou ta ce giɓin shekarar ya haura kashi 12. Da aka sake lissafi ma sai ya wuce 15. Nan take kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabi, ƙofar rance ta rufe.

A nan matsalar take. Ƙasar da ke da kuɗinta, in ta shiga irin wannan hali, takan karya darajarsa, kamar yadda aka yi wa naira a 1986 zamanin Babangida, aka kuma maimaita a 2023. Talaka yana ji a jikinsa, babu mai musu, amma dai kayan da ƙasa ke fitarwa suna yin araha a waje, kuma bashin cikin gida yana raguwa da kansa. Girka ba ta da wannan mafita, domin mai buga Yuro, wato Babban Bankin Turai, yana can Frankfurt ta Jamus, kuma ba zai karya kuɗin ƙasashe da yawa saboda ƙasa guda ba. Abin da ya rage mata shi ne ta yanke albashi da fansho kai-tsaye.

Haka kuwa aka yi. A Mayun 2010 ƙasashen Yuro da Asusun ba da Lamuni na Duniya suka amince da ceton Yuro biliyan 110, bisa sharaɗin tsuke bakin aljihu. A 2012 aka ƙara biliyan 130, aka sa masu zaman kansu da ke bin ta bashi suka yafe fiye da rabi, aka kuma zabge mafi ƙarancin albashi da kashi 22. Sunan abin ceto, amma mafi yawan kuɗin komawa ya yi hannun masu bin bashi, har da bankunan Faransa da Jamus. Tattalin arziƙin ƙasar ya ragu da kusan rubu'i, rashin aiki ya kai kashi 27 a 2013, fiye da rabin matasa suna zaune.

Da tura ta kai bango, a Janairun 2015 jama'a suka zaɓi Alexis Tsipras, wanda ya yi alkawarin watsi da sharuɗɗan. A ƙarshen Yuni aka rufe bankuna, aka ce Yuro 60 kawai mutum zai cira a rana. Wanda ya yi layin na'urar cirar kuɗi a Kaduna farkon 2023 ba ya buƙatar bayani. Ranar 30 ga Yuni Girka ta kasa biyan Asusun kimanin Yuro biliyan ɗaya da rabi, abin da wata ƙasa mai ci gaba ba ta taɓa yi ba. A ƙuri'ar raba-gardama ta 5 ga Yuli, kashi 61 suka ce ba su yarda da sharuɗɗan ba. Mako guda bayan nan Tsipras ya amince da waɗanda suka fi su tsanani, don karɓar ceto na uku da bai wuce biliyan 86 ba. Ya auna ne ya ga komawa Drakma za ta narkar da ajiyar mutane dare ɗaya, alhali bashin yana nan a Yuro. Sai a Agustan 2018 ƙasar ta fita daga shirin.

Yanzu ga irin labarin nan a maƙwabta. A Fabrairun 2025 kotun binciken kuɗi ta Senegal ta ce bashin ƙasar a ƙarshen 2023 ya kusa kashi 100 na arziƙinta, ba wajen 74 da gwamnatin Macky Sall ta bayyana ba, kuma tun kafin fitowar rahoton, Asusun ba da Lamuni ya dakatar da shirin dala biliyan 1.8 da yake yi da ita. Sefar da Senegal ke kashewa ita ce ta Nijar da wasu ƙasashe shida, an ɗaure ta da Yuro, kuma rabon da a karya darajarta tun Janairun 1994. ECOWAS kuwa ta tsayar da 2027 a matsayin shekarar fara Eco.