Waiwaye: Yadda Darasin Ƙere-ƙere Ya Koma Kan Allo

Tun da aka fito da sabuwar manhajar makarantu a Nijeriya a 2025, mai ɗauke da sana'o'i irin su haɗa sola da gyaran waya, tambayar da ake ta yi ita ce: ina kayan aiki, ina malamai? Wanda ya yi ƙaramar sakandare a shekarun 1980 zai ce ai tsohon zance ne.

Farkon labarin sananne ne. An yi taron manhaja a Legas a 1969, manufar ilimi ta ƙasa ta fito a 1977, tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) ya soma aiki a 1982. Shi ya zo da darasin da ɗalibai ke kira Intirotek: aikin katako, ƙarfe, lantarki da zanen fasaha.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne yadda aka ɗaure darasin a jikin manyan injina. An shigo da su daga Gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari: na sassaƙa ƙarfe, na huda, na yankan katako. Irin waɗannan suna son daɓen siminti mai ƙarfi da za a kafa su a kai, da wuta tsayayya, wasu ma mai layi uku irin ta masana'antu, da wanda ya san saita su. Makarantu da yawa ba su da ko ɗaya. Akwatuna suka zauna a sito ko bakin baranda har tsatsa ta ci abin da ke ciki. Malami kuwa sai ya zana zarto a allo, yara su haddace sunayen sassansa, jarrabawa ta tambayi hakan a takarda. Daga nan aka saba: babu inji, babu aikin hannu. Sauya wa darasin suna da aka yi daga baya bai taɓa wannan sabo ba.

Alhali tushen ƙira bai taɓa dogara da inji ba. Yaron da ke haɗa motar gwangwani da tayar silifa ya riga ya kama hanya, aune da rubutu kawai ya rasa. Ɗauki aikin gada. A raba aji biyar-biyar, kowane rukuni ya samu tsinken tsire 40, zare, gam da rula. Sharaɗi: gadar ta haye tazarar santimita 30 tsakanin benci biyu. Su zana kafin su taɓa tsinke, su gina, a bar gam ya kwana. Washegari a rataya leda a tsakiyar gadar, a riƙa saka fiya wata ɗaya bayan ɗaya, kowace kusan rabin kilo, har ta karye.

A nan karatun yake. Yawanci mahaɗa ce ke fara saki, don an lafta gam ba a ɗaure da zare ba. Mai siffar murabba'i takan karkace, mai kusurwa uku ta tsaya. Tsinken sama, wanda nauyi ke matsewa, yakan lanƙwashe idan ya yi tsawo babu tokari. Sai su rubuta inda ta karye da dalili, su gyara zanen, su sake ginawa. A zagaye na biyu ake ba da maki, bisa yawan fiya watar da ta ƙaru a kan ta farko.