Waiwaye: Shin da gangan ake ɓoye na'urorin gem?

A farkon 2021, ɗan yayata mai gidan gem a Kano ya hana ni sakat da saƙon murya: "Kawu, don Allah ko guda ɗaya ce ka sa min a kago." PlayStation 5 yake nema, wadda yaran Jidda ke ce wa "Sony hamsa". Na zaga shaguna a Titin Falasɗinu har ƙafata ta gaji. A shago na huɗu mai kanti ya leƙa waje, ya rage murya, ya ce akwai, amma sai na haɗa da wasanni biyu da ƙarin abin riƙewa, kuɗin kuma ya kusa ninki biyu. Da na ba da labari a majalisarmu bayan isha'i, wani dattijo ya kaɗa kai ya ce, "Ɗana, ɓoyewa suka yi. Mu da muka kwana a layin mai a Najeriya za a gaya wa?"

Zargin ya girmi PS5 nesa ba kusa ba. Asalinsa yana Amurka, a 1983, lokacin da kasuwar gem ta ruguje saboda kaya sun yi yawa, babu masu saye. Kamfanin Atari har rami ya sa aka haƙa a garin Alamogordo na jihar New Mexico aka binne kaset-kaset, waɗanda aka tono a 2014. Nintendo na Japan, ƙarƙashin Hiroshi Yamauchi, ya shiga kasuwar bayan wannan ɓarna da tsoron wanda maciji ya sara. Shi ke buga kaset ɗin kowane kamfani, shi ke yanke adadin da za a ba kowa, kuma ya ƙayyade wa kamfanonin waje wasanni biyar a shekara. Da aka yi ƙarancin ƙwayoyin lantarki a 1988, 'yan kasuwa suka ce Nintendo ya fake da guzuma ne ya harbi karsana. Kamfanin Tengen ya kai shi kotu a kan danne kasuwa, a 1991 kuma hukumar kasuwanci ta Amurka ta matsa masa a kan ƙayyade farashi, har ya yarda ya raba wa masu saye takardun rangwamen dala 5. Daga nan tambarin ya manne masa.

Sauran sun biyo baya. A 2000 Sony ya rage PS2 da ya yi wa Amurka alkawari daga miliyan 1 zuwa 500,000. A 2006 ƙarancin wani ɗan ƙaramin sashe mai karanta faifai ya sa PS3 ba ta iso Turai da yankinmu ba sai Maris 2007. Wii ta Nintendo kuwa ta fi shekara tana wahalar samu, duk da kamfanin na ƙera miliyan 1.8 a wata.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na 2016. Nintendo ya fitar da NES Classic, 'yar ƙaramar na'ura mai tsofaffin wasanni 30 a kan dala 60, ba wata fasaha mai wuya a cikinta. Jama'a suka yi caa, kamfanin ya sayar da miliyan 2.3, sai kawai ya dakatar da ita a Afrilun 2017 ana tsaka da nema. Ko rashin lissafi ne ko wayo, wanda ya zargi kamfanin a nan ban ga laifinsa ba. Sai a 2018 aka dawo da ita.

Amma a kan PS5, ina ganin dattijonmu bai yi daidai ba, kuma dalilin yana cikin yadda ake cin riba a wannan sana'a. Mai ɓoye shinkafa a shinkafar yake cin riba, shi ya sa tashin farashi ke masa daɗi. Mai ƙera na'urar gem irin PS5 ba haka yake ba. An fitar da PS5 a Nuwamban 2020 a kan dala 499, kuma a kan asara ake sayar da ita, sai a Agustan 2021 Sony ya ce nau'inta mai karɓar faifai ya daina jawo masa faɗuwa. A shari'ar kamfanin gem na Epic da Apple a Mayun 2021, wata jami'ar Microsoft, Lori Wright, ta shaida wa kotu cewa ba su taɓa cin riba a jikin na'urarsu ta Xbox ba. Kuɗin yana cikin wasanni, da kuɗin shiga intanet na wata-wata, da kashi 30 cikin 100 da suke yanka a duk abin da aka saya a shagonsu. Kamar mai rijiya ne da ke sayar da guga a ƙasa da kuɗinta: duk gugar da ta kwana a ɗaki, ruwan da bai sayar ba ke nan. Riyal ɗin da mai kantin nan ya so ya ɗora min, ko halala ɗaya ba za ta isa Tokyo ba.

Abin da ya faru a fili yake. Korona ta kulle mutane a gida, kowa na neman kwamfuta da waya da gem. Ƙwaƙwalwar PS5 da ta Xbox duk kamfanin AMD ne ya tsara su, duk kuma a masana'antar TSMC ta Taiwan ake buga su, inda kamfanonin waya da na mota ke layi ɗaya. Har manyan masu ƙera motoci sai da suka tsayar da aiki. Sony da kansa ya rage hasashensa na PS5 da zai sayar a shekarar kuɗi ta 2021 daga miliyan 14.8 zuwa 11.5 a gaban masu hannun jari, abin da ba kamfanin da ke yi don nishaɗi. A Agustan 2022 ya ƙara farashi a Turai da Gabas ta Tsakiya, ya ƙyale Amurka, wanda ni wannan ya fi min ciwo fiye da ƙarancin. Sai a Janairun 2023 shugaban sashen PlayStation na lokacin, Jim Ryan, ya ce matsalar ta wuce.

Ɓoyewa dai an yi, amma a ƙasa. 'Yan bumburutun zamani ne, masu manhajar da ke kwashe kaya daga shafin kanti cikin daƙiƙoƙi, su dawo su tallata a shafukan saye da sayarwa. Kamfanonin kuma ba waliyyai ba ne: tun daga ramin Alamogordo sun gwammace kaya su gaza da su yi kwantai, kuma hoton dogon layi talla ce ta kyauta da ba sa ƙi.

Wani abin dariya, a Mayun 2022 asusun zuba jari na Saudiyya, PIF, ya sayi kashi 5 cikin 100 na Nintendo, ya ƙara daga baya. Da na gaya wa dattijon nan, sai ya ce, "To ai shi ke nan, yanzu mun san ƙofar da za mu kai ƙara." Da na'urar Nintendo ta Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yunin 2025, kamfanin ya tara kaya tun kafin ranar, ya sayar da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu, amma a Japan sai da aka yi ƙuri'a, mutum miliyan 2.2 suka nema a shagon kamfanin kaɗai.

Ɗan yayata kuwa sai a 2023 ya samu tasa, a farashin kanti. Na naɗe ta da bargo biyu na kai ofishin kago, ma'aikacin ya ɗora a sikeli ya ce, "Alhaji, wannan ta bakwai ke nan yau."